Wane littafi zan karanta don jarrabawar MDCN? Amsata ga ƙannena da suka dawo daga waje

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu, wasu ta Aswan wasu ta Port Sudan, saƙonnin da nake samu daga masu karatun likitanci suka ƙaru ƙwarai. Wasu sun je sun ƙarasa karatun a wata ƙasar, wasu kuma dama can a Masar ko Indiya ko Uganda suka yi nasu. Tambayar dai kusan ɗaya ce: "Anti, don Allah wane littafi zan karanta?" Wani ma hoton allon wayarsa zai turo, littattafai da bidiyoyi jibge ba iyaka, ya ce in zaɓar masa. Ni ma a Kartum na yi karatu, na dawo na zauna wannan jarrabawa, Allah Ya ba ni sa'a. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar a wuri guda, duk mai bukata ya ɗauka.

Ga wanda bai sani ba, duk wanda ya yi digirin likitanci a wajen Najeriya sai ya ci jarrabawar tantancewa ta Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, kafin a ba shi lasisin wucin gadi. Da wannan lasisin ne zai yi shekara guda ta horo a asibiti, wata uku-uku a sashen manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa, sannan a yi masa cikakkiyar rajista. Jarrabawar tana da tambayoyin zaɓi a kwamfuta, da gwajin hotuna, da kuma OSCE, inda za ka riƙa zagayawa tasha-tasha kana nuna aikin hannu a gaban masu sa maki. Ba a raina ta. A zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a watan Nuwamban 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba, kuma na san da yawa daga cikin masu faɗuwa irin haka yara ne masu ƙoƙari, waɗanda ba sa wasa da karatu.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne ya tambayi kansa: waɗanda suka rubuta tambayoyin nan, wane marar lafiya ne a gabansu kullum? Malamai ne na asibitocin koyarwa na Najeriya. Da safe sun ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana suma, da rana sun buɗe cikin wanda taifot ya huda wa hanji, da dare an tashe su saboda mai ciki tana jijjiga. Abin da suke son tabbatarwa shi ne in aka bar ka kai kaɗai da irin waɗannan a babban asibitin ƙaramar hukuma, ba za ka kashe su ba. Duk littafin da za ka ɗauka, da duk manhajar da za ka biya wa kuɗi, ka auna ta da wannan marar lafiyar.

Da wannan ma'aunin nake cewa a ajiye littafin First Aid da manhajojin tambayoyi na UWorld da Passmedicine a gefe tukuna. Kayan karatu ne masu kyau, na yi amfani da wasu daga ciki a makaranta, kuma sun koya mini yadda ake warware tambaya. Sai dai biyun farko don jarrabawar Amurka aka yi su, na ukun kuma don ta Ingila, ga shi da dala ko fam ake biya. Za ka shafe makonni kana haddace cutar Lyme da jadawalin binciken sankarar hanji na mutanen Amurka, alhali ba ka taɓa karanta yadda ake kula da mai sikila da ya zo da ciwon ƙashi ba, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu sikila. Na san da yawanku kuna da burin PLAB ta Ingila ko USMLE ta Amurka nan gaba, kuma ba laifi ba ne. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ka ci ta gida, ka karɓi lasisinka, sauran su biyo baya.

Abin da ya kamata ya zo farko, kuma kyauta ne, shi ne jagororin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumominta suka fitar: ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ta tarin fuka, ta cuta mai karya garkuwar jiki, jadawalin rigakafin yara, da takardun NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, kan zazzaɓin Lassa da sanƙarau da kwalara da mashaƙo. Ɗalibai ba sa son su saboda ba su da hotuna masu launi, kuma karanta su akwai gajiya. Amma nan amsoshin suke. Ɗauki zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Allurar atesunet ta jijiya ake bayarwa, miligiram 2.4 a kowane kilo, a lokacin da aka karɓi marar lafiya, da bayan awa 12, da bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 a kowane kilo. Babban binciken da ya sa aka fifita atesunet a kan kwinin ga yaran Afirka an wallafa shi a 2010, kuma Ilori na cikin garuruwan da aka gudanar da shi. Malamin da zai yi maka tambaya ya san wannan kamar sunansa. Haka nan SP, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa masu ciki a wajen awo daga wata na huɗu, da maganin kariya da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida da damina a jihohinmu na Arewa: a jagororin za ka same su a tsare.

Jadawalin rigakafi kuwa, ka rubuta shi da hannunka ka manna a bango, kuma ka tabbata na bana ne. Da haihuwa allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta. Sati 6, da 10, da 14, Penta mai kare cututtuka biyar da ta ciwon huhu da sauransu. Wata 9 ta ƙyanda da ta shawara, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Dalilin da ya sa na ce na bana: an shigar da rigakafin rota na gudawar yara a 2022, an fara ta HPV mai kare sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, an fara ta zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024. Littafin da aka buga shekara goma da suka wuce ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Sai manyan littattafai. Guda ɗaya a kowane fanni ya isa, kuma in da hali wanda aka rubuta a wannan yanki namu. A tiyata ni ban ga kamar littafin Badoe da Archampong da da Rocha-Afodu ba, likitocin Gana, wanda ɗalibai ke kira Baja. Bailey and Love littafi ne babba, amma in kana neman hudawar hanji ta taifot, ko ƙaba da ta shaƙe, ko maƙoƙo, ko gyambon da ya daɗe, yadda suke zuwa mana a makare, Baja ya fi kusa da kai. A fannin yara, na Azubuike da Nkanginieme. A mata da haihuwa, na Agboola, ko Ten Teachers in shi ka saba da shi, amma ka haɗa shi da jagororin gida. A sashen manya Davidson ya wadatar, ba sai ka ɗauko Harrison ba, lokacinka ba zai kai ba. A lafiyar al'umma akwai na Lucas da Gilles. Waɗanda suka yi Sudan da Indiya sun saba da Park, kuma yana da kyau wajen fahimtar yadda annoba ke yaɗuwa da lissafin bincike, sai dai shirye-shiryen gwamnati da jadawalin rigakafin da ke ciki na Indiya ne. Ka tsallake waɗannan babukan gaba ɗaya.

Kuma ba a karanta waɗannan littattafai daga bango zuwa bango. Ka riga ka yi shekara biyar ko shida kana karatun likitanci. Buɗewa za ka yi wajen da ka ga kana da rauni, ka karanta, ka rufe.

Akwai cututtukan da littafin waje zai ba su layi biyu, mu kuwa a nan su ne aikin yau da kullum, kuma ina jin daɗi in na ga ɗalibi ya ba su haƙƙinsu. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon da ake hura wa wuta. In aka kawo maka mai jego tana haki, ƙafafu sun kumbura, dole ka san tambayar da za ka yi wa uwarta. Ga yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Ga tamowa: awon damtse ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, madarar F-75 a farko, ba a gaggawar ƙarin ruwa ta jijiya, ba a ba da maganin ƙarin jini a kwanakin farko. Ga saran kububuwa, wadda manoma ke kira gobe da nisa, har akwai asibiti musamman dominta a Kaltungo. Gwajinta ba ya bukatar wata na'ura: ka ɗebi jini kamar mililita 2, ka zuba a kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, ka ajiye ba motsi tsawon minti 20, sannan ka karkata ta. In jinin bai daskare ba, dafin ya shiga, a nemo maganin dafi. Ga gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ga cutar noma mai cin fuska da ake yi wa aiki a Sakkwato. Zazzaɓin Lassa kansa, sunan wani gari ne a Borno inda aka fara gano shi a 1969.

Yanzu maganar tsofaffin tambayoyi, waɗanda ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram. Ka same su, ka yi su, suna da amfani sosai, domin suna nuna maka inda masu jarrabawar suka fi karkata da yadda suke gina tambaya. Abin da nake tsoro shi ne amsoshin da ke manne da su. Waɗannan tambayoyi ɗalibai ne suka tuno su bayan sun fito daga zaure, wani ya rubuta, wani ya sa amsa da abin da yake zato, aka yi ta turawa shekara da shekaru ba wanda ya duba. Za ka ga takarda har yanzu tana cewa kwinin ne zaɓin farko ga zazzaɓi mai tsanani. Za ka ga wata tana ba da haɗin maganin cuta mai karya garkuwar jiki mai efabirenz a matsayin na farko, alhali an koma haɗin TLD mai dolutegirabiya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta kan maganin zazzaɓin cizon sauro marar tsanani a watanni ukun farko na ciki, ta koma atemeta da lumefantirin, amma tsofaffin takardu na nan da kwinin da kilindamaisin. Dokar da na ɗora wa kaina ita ce, duk amsar da ta ƙunshi sunan magani, ko adadinsa, ko shekarun yin rigakafi, sai na gan ta da idona a jagora ko a littafi kafin in yarda. Yana cin lokaci, amma tambaya talatin da ka bi diddiginsu sun fi ɗari uku da ka haddace. Haka nan manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa nan take: ka yi amfani da su wajen neman bayani in wani abu ya shige maka duhu, amma kada ka ɗauki adadin magani daga bakinsu ba tare da ka duba ba.

Mafi girman abin karatu kuwa ba a sauke shi a waya. Ka nemi asibitin gwamnati mai cunkoso kusa da kai, ka rubuta takardar neman izinin zuwa kallo da koyo, ka riƙa zuwa kamar ma'aikaci. Ni a ɗakin haihuwa na fi daɗewa. Akwai wata dattijuwar ungozoma, ta kusa ritaya, kowa Mama yake ce mata. Wani dare aka shigo da yarinya 'yar ciki na fari tana jijjiga, dangi sun cika ƙofa suna salati. Muka juya ta gefen hagu, aka share mata baki. Mama ta miƙo mini sirinji babba ta ce, "Zo nan, 'yata, ke za ki haɗa. Ɗebi takwas a kwalbar magniziyam, ki cika da ruwan allura goma sha biyu." Kwalbar mai ƙarfin kashi 50 ce, mililita 8 shi ne giram 4, in ka ƙara ruwa mililita 12 ya koma kashi 20, wanda jijiya za ta iya ɗauka. Ta tsaya a kaina tana cewa, "A hankali, a hankali, kada ki tura da sauri." Sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, da ɗan maganin kashe zafi a cikin sirinjin. Da lokacin allura ta gaba ya yi, bayan awa huɗu, ta ce, "Kafin ki taɓa ta, faɗa mini abu uku." Na buga gwiwa na ga ta motsa, na ƙirga numfashi ya kai 16 a minti, na duba jakar fitsari. Ta nuna mini inda suke ajiye kalsiyam gulukonet, makarin magniziyam in ya yi yawa a jiki, ta ce kada in taɓa fara wannan allura ban san inda yake ba.

Wannan shi ne tsarin Pritchard, wanda aka fi amfani da shi a asibitocinmu. Littattafan Ingila sun fi kawo wanda ake ɗura giram 1 kowace awa ta jijiya da na'ura, na'urar da ba kowane asibiti ke da ita a nan ba. Likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato ma sun wallafa nasu gajeren tsarin a 2009, na allurar farko kaɗai. Duk wannan na karanta shi a takarda, amma wanda ya zauna mini daram shi ne wanda na ja da hannuna a daren nan.

Gwajin hotuna ma a asibiti ake shirya masa. Ka roƙi sistar ɗakin tiyata ta shimfiɗa maka kayan aiki a kan tebur ta faɗa maka sunayensu, ka riƙe kowanne a hannu. Ka je ɗakin hoto ka zauna kusa da mai karanta hoton ƙirji, ka ga tarin fuka, da ruwa a huhu, da iska ƙarƙashin tantanin ciki. Ka leƙa ɗakin gwaji su nuna maka ƙwayar zazzaɓi da jinin mai sikila a madubin ƙara girma. Ka cike takardar bibiyar naƙuda da hannunka, ka san tsakanin layin faɗakarwa da layin ɗaukar mataki awa huɗu ne, ka kuma san cewa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabuwar takarda wadda ke fara ƙirga daga buɗewar santimita 5 maimakon 4. Kada dai ka ɗauki hoton marar lafiya da wayarka, amana ce.

OSCE kuwa baki da hannu take so. Littafi ɗaya na duba marar lafiya ya isa, Macleod ko Hutchison, sai bidiyoyin Geeky Medics da ke YouTube kyauta don ganin tsarin. Bayan haka ku haɗu ku uku: ɗaya likita, ɗaya marar lafiya, ɗaya riƙe da agogo da takardar maki. Ku yi da ƙarfi, da Turanci, a tsaye. Wannan ya fi shafar mu da muka saba ɗaukar tarihin ciwo da Larabci, da waɗanda suka yi da Rashanci ko Sinanci. Ilimin yana kai, amma in agogo na tafiya sai harshe ya sarƙe. Ka saba da gaisuwa da gabatar da kanka, da neman izini, da wanke hannu, da neman mai rakiya kafin ka duba mace, da rufe wa marar lafiya jiki in ka gama, da yi masa godiya. Duk suna da maki, kuma su ne abin da mutum ke mantawa in ya rikice. Ku gwada yi wa uwa bayanin cewa ɗanta sikila ne, da yi wa ma'aurata bayanin gwajin jini kafin aure, da koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ana yawan tambayata kan cibiyoyin koyarwa masu karɓar kuɗi. Wasu suna da amfani, musamman ga wanda ba ya iya karatu shi kaɗai, ko wanda ba shi da abokan gwaji. Kafin ka ce wa Baba ya biya, bayan duk abin da ya kashe a shekarun da ka yi a waje, ka tambayi abu biyu: su wane ne ke koyarwa, suna aiki a asibiti yanzu? Kuma za a sa ka ka yi gwaji da hannunka, ko zama za ka yi ana karanta maka allo? In karatun allo ne kawai, kana da shi a gida. Wanda kuma ya ce maka yana da tambayoyin da za su fito in ka biya, ka toshe lambarsa. Ko dai kuɗinka zai ci, ko ya jefa ka cikin abin da zai hana ka lasisi, kuma aikin da za ka riƙe rayukan mutane bai kamata a fara shi da haram ba.

Wani ɓangare da ake barin sa sai daren jarrabawa shi ne ladubban aiki da doka. Majalisar tana da kundinta na ladubban aikin likita a Najeriya, ba shi da tsawo, ka karanta shi sau biyu. Ka san Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Ka san dokar 2017 da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ka san a 2022 hukumar inshorar lafiya ta koma NHIA. Ka san matakan asibitoci uku da wace gwamnati ke riƙe da kowanne, da cututtukan da dole a kai rahotonsu nan take.

In ya rage wata guda, kada ka ƙara sabon littafi ko sabon zaure, ko wane ne ya yaba maka shi. Ka koma kan ƙaramin littafin da ka rubuta da hannunka, da tambayoyin da ka faɗi a baya, da gwajin baki da abokanka kullum. Maganar ranar jarrabawa, da garin da za a yi ta, da takardun da ake bukata, da kuɗin rajista, a shafin majalisar kaɗai za ka duba, domin wurin yakan sauya daga zama zuwa zama. Waɗanda makarantunsu ke Sudan su fara neman takardun shaidarsu da na sakamako tun yanzu, kafin a buɗe rajista, saboda fitar da su daga makarantar da yaƙi ya tarwatsa yana iya ɗaukar watanni.